Hawan Keke A Tsaunukan Alps: Tambayar Da Jagora Ba Zai Yi Wa Ɗanki Ba



Idan lokacin zafi ya kama a Turai, duk uwar da ke da ɗa ko 'ya a can, mai karatu ko mai neman abinci, ta san irin saƙon da ke shigo mata a WhatsApp. "Umma, an shirya mana fita ranar Asabar, za mu hau keke a kan tsauni. Akwai mai yi mana jagora, kada ki damu." Iyaye da dama sun turo mini tambaya a kan wannan fita, kuma na lura sun kasu gida biyu. Akwai wadda da jin kalmar tsauni za ta ce ba da yawunta ba. Akwai kuma wadda za ta ce ai Turai ce, komai nasu a tsare yake, Allah Ya kiyaye hanya.

Ta farko ta hana yaro abin da zai amfane shi, kuma sau da yawa zuwa zai yi bai gaya mata ba. Ta biyun kuma ta saki wani abu mai muhimmanci wanda babu wanda ya san shi sai ita. Shi ya sa yau nake so mu bi wannan tafiya tun daga safe har yamma, ki ga yadda take, sannan ki san inda naki aikin yake.

Yadda yinin yake tafiya

Tsaunukan Alps sun ratsa ƙasashe takwas, ciki har da Faransa, Italiya, Ostiriya, Jamus da Suwizalan. Bari mu ɗauki hanya guda da ta yi suna a wajen masu keke, wato hanyar Bernina da ke kudu maso gabashin Suwizalan, dab da iyakar Italiya.

Da safe ake haɗuwa a garin St. Moritz ko Pontresina, waɗanda tudunsu ya kai wajen mita 1,800 daga doron teku. Jagora zai ba kowa keke daidai tsawonsa, ya gyara sirdi, ya duba birki da iskar taya, ya sa kowa ya ɗan zaga a fili don ya ga hannun kowa. Keken ba irin na zuwa cefane ba ne. Tayoyinsa masu kauri ne da ƙuraje, yana da sifirin da ke shanye gargada, birkinsa kuma da yatsa ɗaya ake kama shi saboda ƙarfinsa.

Masu ƙarfin gwiwa sukan tuƙa tun daga ƙasa. 'Yan koyo kuwa akan zuba su a jirgin ƙasa har da kekunansu, kafin awa ɗaya sun isa tashar Ospizio Bernina mai tudun mita 2,253. Don ki gane irin tudun da ake magana: Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos tana wajen 1,200, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya kuwa, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ke nan yaron da ya karya kumallo a ƙasa, kafin hantsi yana kusa da tudun ƙololuwar Najeriya.

A nan sama babu itace ko ɗaya, sai duwatsu da gajeriyar ciyawa da iska mai sanyi. Akwai wani tafki da ake kira Lago Bianco, ma'ana farin tafki, saboda ruwansa ya yi kama da madarar da aka tsinka, sakamakon garin dutse da narkakkiyar ƙanƙara ke kwasowa. A gefensa ake fara tuƙi, hanyar tsakuwa ce mai sauƙi, har a isa Alp Grüm mai mita 2,091, inda ake tsayawa a sha shayi ana kallon ƙanƙarar Palü da ke kwance a kan tsauni rani da damina.

Daga nan gangara ta fara. Hanya takan tsuke, ta shiga daji, ga saiwoyi ga duwatsu ga kwana masu kaifi. Akan yada zango a Cavaglia, inda ruwan ƙanƙara na zamanin da ya yi ta juya duwatsu har ya fafe ramuka masu santsi a jikin fa, kamar manyan turame, wasu zurfinsu ya ninka tsawon mutum. Ana ci gaba da sauka sai a fara ganin gonaki, da shanu masu ƙararrawa a wuya, da manoma suna yankan ciyawa suna shanyawa don ajiyar hunturu, kamar dai yadda ake tanadin harawa a wajenmu. Makiyayan can ma suna da irin nasu tashin: su hau da shanu sama idan zafi ya shigo, su sauko da su wajen watan Satumba. Tafiya takan ƙare a garin Poschiavo mai tudun wajen mita 1,000, inda ake magana da Italiyanci duk da cewa Suwizalan ce. Daga nan a sake hawa jirgi a koma.

Wannan layin dogo yana cikin wuraren tarihi da UNESCO ta amince da su tun 2008, amma ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya abin da ya fi burge ni shi ne yana bin hanyar keken. Akwai tasha a Alp Grüm, akwai a Cavaglia. Wanda ya gaji ko ya ji jikinsa ba daidai ba zai iya jingine keke ya hau jirgi. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma yaron da ya yi wannan yini zai daɗe yana ba da labari.

Amfanin jagora

Jagora na gari ya san hanya, ya san inda ake sauka a tura keke da hannu, yana ɗauke da kayan taimakon gaggawa da na gyara. Ya san sararin samaniyar wurin, domin a lokacin zafi hadari yakan haɗu da yamma ba zato, ga tsawa, kuma saman tsauni ba wurin tsayawa ba ne idan ana walƙiya. Ya san yadda ake wuce garken shanu a hankali ba a shiga tsakanin saniya da maraƙinta ba, da yadda ake sauka daga keke idan karen da ke gadin tumaki ya taso. Masu keke a can suna auna wahalar hanya daga mataki S0, mafi sauƙi, zuwa S5 na ƙwararru. Ɗan koyo wurinsa S0 ne, iyaka S1.

Duk wannan jagora ya fi ki sani. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ke ce kika sani

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS. A Suwizalan kuwa jagora zai iya shekaru yana aiki bai taɓa haɗuwa da mai sikila ba. Takardar da za a ba yaro ya cike za ta iya tambayar ciwon zuciya ko asma ko ciwon suga, amma kada ki sa ran za ta tambayi jinotayif. Shi kuma yaron, musamman mai AS da bai taɓa kwanciya ciwo ba, ba zai ga dalilin faɗa ba. Wasu yaran ma ba su san nasu ba, takardar gwajin tana cikin akwatinki tun suna goye.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Duk yadda aka yi sama, iska takan yi shara-shara. A tudun Bernina, iskar oksijin da ke shiga huhu a kowane numfashi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da bakin teku. Ƙwayoyin jinin mai sikila kuwa abubuwa huɗu ne ke sa su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi: ƙarancin oksijin, ƙarancin ruwa a jiki, sanyi, da aikin ƙarfi. Ki sake duba tafiyar da na zayyana miki. Duk huɗun suna cikinta, a yini ɗaya.

Mai SS ko SC, wannan fita ba tasa ba ce sai likitan da ke duba shi ya amince, kuma kada ki yi mamaki idan likitan ya ce a'a. Mai SC ya fi yaudarar mutane, domin yakan yi shekaru lafiya lau, amma saifarsa na iya kumbura ta tare jini idan ya hau tudu. Hana shi wannan hanya ba hana shi keke ba ne. Akwai hanyar keke da ta zagaye tafkin Bodensee, wanda ya haɗa Jamus da Ostiriya da Suwizalan. Tudunsa wajen mita 400 ne, bai ma kai Kano ba, hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma yana tuƙi yana hango tsaunukan daga nesa.

Mai AS fa? AS ba ciwo ba ne, kuma mafi yawan masu shi suna hawa tsauni su sauko lafiya. Sai dai likitoci sun daɗe da sanin cewa jini na iya toshewa a saifar mai AS idan ya hau tudu da sauri ya kuma yi aikin ƙarfi. Masu bin ƙwallon Amurka sun san labarin Ryan Clark, tsohon ɗan wasan Pittsburgh Steelers mai jinin AS. A 2007 ya buga wasa a birnin Denver mai tudun wajen mita 1,600, ciwo ya kama shi a gefen ciki, ƙarshe sai da aka cire masa saifa da matsarmama. Wannan ƙaƙƙarfan ɗan wasa ke nan, a tudun da bai kai St. Moritz ba.

Saboda haka idan ɗanki AS ne, ki gaya masa waɗannan da bakinki:

Ya sanar da jagora tun kafin a tashi, ya kuma rubuta a takardar da za a ba shi.

Ya riƙa kurɓar ruwa a kai a kai tun daren tafiya. A cikin sanyi mutum ba ya jin ƙishi, alhali busasshiyar iskar tsauni tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi. Fitsari ne ma'auni: idan ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan.

Kada ya shiga tsere da abokai a wurin hawa. Ya yi tuƙin da zai iya magana yana yi. Idan numfashi ya hana shi magana, ya sauka ya huta.

Kada ya je yana azumi, ko yana fama da zazzaɓi, mura mai nauyi ko gudawa.

Idan ya ji ciwo a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, ko ciwon ya harba zuwa kafaɗar hagu, ko ƙirji ya riƙe, ko ƙafafu suka saki ba dalili, ko fitsari ya koma kalar shayi ko ya fito da jini, tafiya ta ƙare. A sauko da shi, a kai shi asibiti, ya faɗa wa likita jinotayif ɗinsa tun a bakin ƙofa. Wannan kalma ɗaya tana iya hana a yi ta lalube ana neman abin da ke damunsa.

Wanda bai san nasa ba ya yi gwaji tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai AA ma ba a bar shi haka ba. Ciwon tsauni, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ya fi kama mutane daga mita 2,500 zuwa sama, amma wasu sukan fara jin alamarsa kafin nan. Maganinsa saukowa. Mai asma kuma ya sa abin shaƙarsa a aljihun riga inda hannu zai kai da sauri, domin iska mai sanyi tana tayar da ita.

Faɗuwa

Yawancin raunin da ake ji a irin wannan fita a gangara ake jin sa, kuma sau da yawa bayan azahar, lokacin da hannu ya gaji, ido ya saba, yaro ya fara ganin ya iya. Ƙujewa da targaɗe su suka fi yawa, sai karayar wuyan hannu da ta ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kayar da yaranmu. Wanda ya saba da babur ya san birkin hannun dama na tayar gaba ne. A kekunan Suwizalan da maƙwabtanta kuwa, yawanci na dama na baya ne, na hagu na gaba. Idan ya damƙe na gaba da ƙarfi a gangara, keken zai tsaya cak, shi kuma ya wuce ta sama. Ki ce masa ya tambaya, ya gwada a fili kafin a kama hanya.

Hular kwano ba a cinikinta. Bincike ya nuna tana rage mummunan raunin kai da fiye da rabi, amma sai ta zauna daidai a goshi kuma an ɗaure igiyarta a haɓa. Idan ya bugu a kai, ko da hular ta tare, kada ya sake hawa keke ran nan. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, maimaita tambaya ɗaya, ko manta yadda aka yi ya faɗi, duk na asibiti ne.

Raunin da ya fi ba mu tsoro a ɗakin jinya shi ne wanda ba ya zubar da jini a waje. Ko a nan gida muna karɓar yaran da ƙarfen kan keke ya soke su a ciki. Yaro zai tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, a jikinsa sai ɗan zagayen shati kamar kwabo, alhali saifa ko hanta ko hanji ya ji ciwo a ciki. Sai bayan awanni ciki ya ɗaure, ya fara amai, ya yi fari fat. Duk wanda kan keke ya buga a ciki likita ya gan shi ran nan, kada a jira safiya. Wannan ki riƙe shi har ga ƙananan da ke wasa da keke a ƙofar gida.

Sutura da guzuri

Sanyi yana ƙaruwa da wajen digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau. Tsakanin Poschiavo da Bernina akwai bambancin wajen digiri 8, ban da iska. Ya sa riga a kan riga yadda zai iya cirewa ya mayar, ya ɗauki rigar ruwa da safar hannu da takalmi rufaffe. Rana a sama ta fi kaifi duk da sanyin, saboda haka ya sa tabarau, ya shafa man kariya daga rana da na leɓe. Baƙar fata ma tana ƙonewa a tsauni.

Idan 'yarki ce, doguwar riga da babban hijabi suna iya shiga sarƙa ko taya su fizge ta. Wando mai ɗan sakewa wanda ya kama a idon sawu, riga mai dogon hannu zuwa cinya, da ƙaramin hijabi mara allura da za a cusa cikin riga a ɗora hula a kai, sun wadatar. Ta kwance gammon gashi ta sauke shi ƙeya don hular ta zauna.

Dabino, gyaɗa da ayaba guzuri ne mai kyau. A wuraren cin abinci na yankin, miyar sha'ir da suka shahara da ita da busassun tsiran namansu sau da yawa akwai naman alade, don haka ya tambaya. A Poschiavo akwai wata taliya mai suna pizzoccheri da ake dafawa da dankali da ganye da cuku. Da dare kuma, kafin wanka, ya duba bayan gwiwa da hammata da matsematsi ko kaska ta kama shi a daji, domin kaskar can tana ɗauke da cuta.

Inshora da lambar gaggawa

Wasu sassan hanyar mota ba ta shiga, sai jirgi mai saukar ungulu, kuma kuɗin ɗauko mutum da shi ba wasa ba ne. Wanda ya shiga da bizar Schengen ta ɗan gajeren zama dole yana da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, amma wasu kamfanonin sukan cire wasannin da suke ganin akwai haɗari. Ya karanta takardarsa, ya tabbatar ta haɗa da hawan keke a tsauni da kuɗin ceto. Mai karatu da ke zaune a can ma ya tambayi tasa. Ya adana lambobi biyu a waya: 112 da ke aiki a faɗin Turai, da 1414 ta Rega, masu ceto da jirgi a Suwizalan.

Tambayoyi shida kafin ki ce to

Matambayi ba ya ɓata. Idan saƙon ya shigo, kafin ki amince ko ki hana, ki kira shi ki tambaya:

1. Wace hanya za ku bi, kuma tudun ta ya kai mita nawa?
2. Matakin wahalarta na 'yan koyo ne?
3. Ku nawa ne, jagora nawa, kuma yana da horon taimakon gaggawa?
4. Idan mutum ya gaji a tsakiya, ta ina zai fita?
5. Inshorarka ta ɗauki wannan?
6. Ka gaya wa jagora jinotayif ɗinka?

Biyar na farko zai iya samo amsarsu a wajen masu shirya tafiyar cikin minti goma. Ta shidan a wajenki take. Ki buɗe akwati ki nemo takardar gwajin, ki ɗauki hotonta ki tura masa, ya ajiye a waya. Idan amsoshin sun kwanta miki, ki sa masa albarka, ki ce ya turo hoton farin tafkin.

Iyayen da 'ya'yansu suka taɓa yin irin wannan fita, a Turai ko a tsaunukan Jos da Mambila, ku ba mu labari a ƙasa don wasu su ƙaru. Masu tambaya a kan AS da motsa jiki kuma ku ajiye tambayoyinku, zan tattara su in amsa a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Allah Ya tsare mana zuri'a a duk inda suke. Sai mako mai zuwa.